Kanawa a Kan Tsaunin Mambila

In kana son sanin halin maƙwabcinka, ku ɗauki shatar bas daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ɗaurin aure a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a Jihar Taraba. Har a wuce Jalingo da Serti kowa jarumi ne. A Mayo Selbe, gindin dutse, inda titi ke fara murɗewa yana hawa, nan ake rarrabewa.

Farkon wanda ke tonuwa shi ne Sarkin Surutu. Tun daga Unguwa Uku yake ba da labarin yadda ya taɓa korar ɓarayi shi kaɗai. Da ya leƙa taga ya ga rami a hagu, hazo a gaba, sai carbi ya fito. Muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa: "Direba, don girman Allah a hankali, ina da iyali."

Sai mai raina sanyi. An ce masa ya ɗauko rigar sanyi, ya ce wanda ya sha hunturun Kano me zai gani? Ya manta tudun nan ya haura mita 1,500, ruwa kuma na iya sauka ba sallama. Da asuba za ka same shi gaban buta yana tambaya ko malamai sun yarda da taimama a irin wannan hali. Kafin hantsi ya naɗe da bargon masu gida, babbar rigar shaddar tana leƙowa ta ƙasa.

Alhajin Kantin Kwari kuwa bai ga dutse ba, bai ga gajimare ba. Farashi ya gani. Aka kai shi gonar shayin Kakara, inda ake yin Highland Tea, kowa na "tabarakallah", shi yana tambayar nawa katan. Fiya nawa buhu? Zuma nawa jarka? Ya tsaya gaban shanun Fulani a Nguroje yana lissafin kuɗin tirela zuwa Kano, yana taya saniyar da ba a ce ta sayarwa ba ce. Sai da lissafi ya zo kan titin da aka hawo, ya yi shiru, ya mayar da biro aljihu. Ni dai shi na fi tausaya wa: ga riba a fili, ga dutse a tsakani.

Mai waya ba ya buƙatar dogon bayani. Ya hau tudu neman sabis, ya ɗora hoto a Facebook, ya bar abokansa na Tarauni suna zaton Turai ya tafi.

Akwai kuma masani. Ya ji cewa dajin Ngel Nyaki na da birai irin na cimfanzi, kuma Chappal Waddi, ƙololuwa mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, tana yankin. Yanzu yana yi wa ɗan garin da aka haifa a nan bayani. Da aka ce to a shiga dajin da ƙafa, sai gwiwa ta tashi.

Na ƙarshe shi ne mai ƙaura da baki. "Wallahi na bar Kano ke nan! Fili zan saya, in shuka masara da dankali, in huta da ƙarar adaidaita." Kwana biyu sai ya fara tambaya ko akwai mai gurasa a garin. A rana ta uku, tun kafin direba ya gama shan shayi, ya kama kujerar gaba.