Kalmar da Ta Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Turawa suna da wata 'yar kalma mai harafi uku, "run". A firamare aka ce mana gudu take nufi. Muka rubuta, muka haddace, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. A 2011 masu ƙamus ɗin Oxford suka ƙirga ma'anoninta a matsayin aikatau kaɗai, suka sami 645. Wani bawan Allah, Peter Gilliver, wata 9 ya yi yana fama da ita. Da ciki ne, da tuni an yanka ragon suna. A da can "set" ce ke kan gadon sarauta da ma'ana 430, aka tuɓe mata rawani ba ko sallama.

A Ingila kowa gudu yake. Mai mura yana kwance cikin bargo, hancinsa yana gudu. Famfo an kafe shi a bango, amma wai gudu yake. Manaja yana zaune da tumbinsa, da wannan kalmar yake tafiyar da kamfani. Ɗan siyasa mai neman kujera ma gudu yake yi. Wannan kam na yarda, musamman bayan an rantsar da shi, idan 'yan mazaɓa suka zo gaisuwa.

Mu dai alhamdu lillahi, harshenmu ba ruwansa da irin wannan rikici. Mutum ya ci tuwonsa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutuncin wanda ya zo karɓar kuɗinsa. Alƙali kuma ya ci shi tara.