Jinjina ga Modem, Malamin Haƙuri

Dole a yaba wa modem na USB da ƙanensa adaftar Wi-Fi. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, amma tun da aka ba da lasisin 3G a Najeriya a 2007 suka fara cika shaguna, Argungu, garin Kanta, bai ga malamin da ya koya wa matasa haƙuri kamarsu ba.

Dubi hikimar da aka zuba a ciki. Ka saya, ka kai gida, ka soka a jikin kwamfutarka, sai ta ce ba ta san wannan baƙo ba sai an sa mata direba, wato manhajar da za ta haɗa su magana. Ina direban? Yana intanet. Da me za ka hau intanet? Da abin da ke jiran direban. Sannu da aiki, masu ƙira! Wasu kamfanonin ma karamci ya sa sun haɗo da ɗan faifan CD a cikin kwali, don dai kada a ce ba su yi komai ba, alhali yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba su da inda za a zura faifai. Kamar an miƙa wa masunci homa babu raga ranar gasar kamun kifi ta Matan Fada, an ce ragar tana can ƙasan kogi, ya nutsa ya ɗauko.

Tsofaffin modem kuwa suna ɗauke da nasu direban a ciki, wanda aka rubuta a zamanin Windows XP da Windows 7. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, amma su ba su san da canjin sheƙa ba. Ga kuma amana: an ɗaure da yawansu da layin kamfani ɗaya, ko sabis ya ɗauke a unguwarku ba za su karɓi wani sim ba. Ina aka taɓa ganin biyayya irin wannan?

Har sana'a suka samar. Ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke son yin rajistar kwas kafin a rufe shafi za ta biya mai buɗe modem, ta biya mai sa direba, in abin ya gagara ta biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Kowa ya samu nasa, sai ita, da datarta ke ƙarewa ba ta buɗe shafi ko ɗaya ba. Kuɗin nan kuwa na shinkafar da mahaifinta ya noma a fadama ne.

Mai saye, ka je shago da kwamfutarka. Kada ka ba da ko kwabo sai mai shagon ya soka abin a jikinta, ya sa direban da hannunsa, shafi ya buɗe a gaban idonka.