Wasiƙa daga Gana zuwa Nyanya

Ina fatan Inna da yara suna lafiya. Na tabbata wasiƙar nan za ta same ka a cunkoson Nyanya zuwa AYA, to gyara zama ka karanta, ai lokaci kana da shi.

Talatar farko ta watan Yuli muka yi sammako daga Nima zuwa Elmina, kallon bikin Bakatue. Kai da kake cika mana baki wai ka san kifi, don kana sayen titus na ƙanƙara a kasuwar Laraba, da ka ga abin da na gani da ka nemi gafarar kifi. Kwalekwale ne birjik a bakin tafkin Benya, kowane da fentinsa da tutarsa. Makonni shida ake hana su a tafkin, sai ran bikin a jefa birgi sau uku a gaban sarki, shi ke nan an buɗe. Mata sun sha kente suna rausaya a cikin jirage, an ɗauko sarki a kafaɗa ƙarƙashin laima. Hawan daba ne sak, amma a kan ruwa. Kai da tafkin Jabi ke sa ka salati, nan ɗaure ka za mu yi da igiya.

Na ci kenke da soyayyen kifi da yajinsu shito. Da safe kuwa koko da ƙosai, kuma "Hausa koko" suke ce masa. Sunanmu ya riga ka zuwa teku.

Daga nan muka shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Holan ta ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan dariya ta ɗauke mini, taubashi. Ɗakunan ƙasa da aka cusa bayi duhu ne ƙirin, ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi kuwa sai mutum ya karkace. Na tuna Salaga, inda kakanninmu ke fataucin goro, can ma an sayar da mutane. Na yi musu addu'a na fito.

Ga busasshen kifi nan na ba direba, na Inna ne, kada ka taɓa. Ka fara tarin kuɗin mota, Yulin baɗi ina jiranka.

Taubashinka,
Nima, Akara