Mutanen Kasuwar Zane Mai Motsi

A wannan kasuwa mutum kan sayar da hajarsa sau dubu, gari ya waye hajar na nan a rumfa ba ta ragu ba. Tambarin kamfani da ke tsalle ya juyo, 'yar da'irar nan da ke wulwulawa kana jiran shafi ya buɗe, rubutun da ke shigowa ta gefe a farkon bidiyon YouTube, duk akwai wanda ya zauna ya ƙera su, ya kai VideoHive ko LottieFiles ko Motion Array ya kasa. Abin da mai saye ke biya shi ne lasisi, wato izinin amfani. Fayil ɗin kwafi ne, gobe wani ma zai samu irinsa. Yawancin rigimar kasuwar daga nan take tasowa.

Dattijon wurin shi ne tsohon ɗan Flash, manhajar nan da a da ake yi wa shafukan intanet zane mai motsi da ita. Yana nan tun 2006, lokacin da kamfanin Envato na Ostareliya ya fara da wata 'yar kasuwa mai suna FlashDen, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. A zamaninsa, kafin ka shiga shafin kamfanin sayar da taya sai ka kalli wuta ta tashi, duniya ta juya, kiɗa ya fashe maka a kunne ba tare da an tambaye ka ba. Ya kira wannan fasaha. Har yau bai yafe wa Steve Jobs ba saboda wasiƙar da ya rubuta a 2010 yana bayanin dalilin hana Flash shiga iPhone. Adobe ya yi wa Flash jana'iza a ƙarshen 2020, amma dattijo na riƙe da faifai cike da fayilolin da babu burauzar zamani da za ta buɗe. Ka nuna masa sabon aiki, sai ya taɓe baki ya ce yaran yanzu ba su san wahala ba.

Sai ɗan a-ci-bulus. Shi bai taɓa saye ba, samfurin da aka sa don a gani yake saukewa. Shi ya sa za ka ga tallan shagon atamfa, sunan kasuwar da aka ɗebo zanen na nan dishi-dishi a tsakiyar hoton, ga kuma wata murya a cikin kiɗan tana nanata "AudioJungle", sunan kasuwar kiɗan, bayan kowane 'yan daƙiƙu. Mai shagon ya ɗauka cikin waƙar ne.

Akwai kuma mai tauraro ɗaya, wato mai ba kaya maki mafi ƙanƙanta, wanda ni ya fi ba ni haushi, don shi da kuɗinsa yake yin ɓarna. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa kayan nan sai da manhajar After Effects yake buɗewa. Bai karanta ba. Ya saya a wayarsa, ya danna, ya ƙi buɗewa, nan take ya rubuta cewa 'yan damfara ne. Mai zanen, wataƙila wani bawan Allah a Indonesiya ko Yukren da ya shafe makonni yana daidaita yadda harafi ɗaya zai sauko, ya amsa masa cikin ladabi har da hoton inda bayanin yake. Mai tauraro ɗaya ya riga ya wuce wata rumfar.

Ɗan'uwansa shi ne wanda ya ɗauka ya sayi abin ɗungurungum. Ranar da ya ga tambarin abokin hamayyarsa na fitowa daga cikin hayaƙi iri ɗaya da nasa, sai ya kira yaron da ya yi masa aikin: "Kai, an sace mini tambari!" Yaro ya yi ta bayani: "Yallaɓai, lasisi iri biyu ne a wurin, na abin da za a nuna kyauta da na abin da za a sayar wa jama'a, kuma babu wanda ya ce kai kaɗai." Yallaɓai bai gamsu ba, shi dai ya san dala ya biya.

Yaron nan ma yana da nasa. Dillali ne, a Fiverr yake zama, dandalin da ya fara a 2010 da aikin dala biyar-biyar. Yakan sayi tsararren zane, ya canza launi, ya sa sunan mai aiki, abin da bai wuce aikin rubu'in awa ba, sannan ya ce a ba shi kwana uku saboda "aikin na da ɗan wuya". Ban ga laifinsa a kwana ukun ba, sanin wurin bugu ai shi ne ƙira. Inda ya kauce shi ne lasisin aiki ɗaya da ya saya, yanzu ya yi wa asibiti da shi, ya yi wa makarantar Islamiyya, ya yi wa mai gidan kaji. Wani lokacin sauri kan sa ya manta ya goge rubutun Turancin da ke cewa a sa sunan kamfani a nan, kuma haka tallan zai fita.

Alhaji A-ƙara-motsi kuwa ba ya jure ganin wani abu tsaye a shafinsa. Lambar waya ta yi ƙyafta-ƙyafta, farashi ya yi rawa, hotonsa ya shigo yana juyi. An gaya masa akwai Lottie, tsarin da Airbnb ya fitar a 2017, marar nauyi, ba ya cin data sosai. Ya ce shi GIF ya sani, wanda CompuServe ya ƙirƙiro tun 1987, launinsa bai wuce 256 ba, nauyi kuwa sai ka ce buhun siminti. Mai son ganin farashin shinkafa datarsa kan ƙare kafin Alhaji ya gama juyi.

Mai tara kaya ya biya kuɗin wata ɗaya a Envato Elements, inda ake saukewa ba iyaka, ya kwana yana kwasa da datar dare har kwamfuta ta cika. Bai lura cewa da wata ya ƙare, izinin fara sabon aiki da kayan ya ƙare ba.

Na ƙarshe mai mafarki ne. Ya ji labarin Nyan Cat, hoton kyanwar nan mai jan bakan gizo, da aka sayar a 2021 kan kuɗin kirifto da suka haura dala dubu ɗari biyar. Labarin Giphy, dandalin hotunan GIF, bai iso masa ba, wanda hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta tilasta wa Meta sayarwa, Shutterstock ya ɗauka a 2023 kan dala miliyan 53, ƙasa sosai da yadda Meta ya saye shi. Ya buɗe asusun Payoneer na karɓar kuɗi tun kafin ya zana komai, ya yi lissafin dalar a farashin 'yan canji, har ya fara tambayar kuɗin fili. Sannan ya zana akuya tana kaɗa wutsiya ya tura. Masu tantance kayan kasuwar suka dawo masa da ita da 'yar gajeriyar wasiƙa. Ya ce hassada ce, yanzu yana kan zanen raƙumi.