Wasiƙa Daga Amurka: Jami'o'in Da Kuɗin Talabijin Ya Raba Da Maƙwabtansu

Zuwa ga Yaya da 'yan gidan kallon ƙwallo na Ushafa,

Ƙwallon jami'o'i a Amurka ba wasan yara ba ne. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, kuma ƙwallon da suke rububin kallo da hannu ake rungumarta a ruga, abin da a Ushafa alƙalin wasa zai busa tun ba a je ko'ina ba.

Jami'o'in a rukuni-rukuni suke, asali kowace tana karawa da maƙwabtanta. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta karɓe ikon cinikin nuna wasannin daga hannun hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, sai kowane rukuni ya shiga sayar da nasa ga gidajen talabijin. Daga nan aka koma duban yawan masu kallo, aka bar duban taswira.

A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla cinikin shekara bakwai da Fox da CBS da NBC, na kimanin dala biliyan 7. Tun ana kan cinikin jami'o'in USC da UCLA na Los Angeles suka ji ƙamshin miya, suka tattara komatsansu zuwa can, Oregon da Washington suka bi sahu. Texas da Oklahoma kuwa suka koma rukunin SEC, wanda ke cin tuwo da gidan talabijin na ESPN. Duk a 2024 aka kammala ƙaurar. Rukunin da ke amsa sunan goma, wato Big Ten, yanzu jami'a 18 ne a cikinsa, wani rukuni daban mai amsa sunan sha biyu kuma 16. Malaman lissafinsu dai sun yi shiru.

Wanda ya sha kashi shi ne rukunin Pac-12, mai tushe tun 1915, inda su USC da Oregon suka fito. Jami'o'i goma suka watse, aka bar Oregon State da Washington State su biyu a gida. Stanford da California, da ke bakin tekun yamma, suka shige rukunin bakin tekun gabas.

Wahalar a kan ɗalibai ta sauka, musamman masu ƙananan wasannin da talabijin ba ta damu da su ba. Daga Los Angeles zuwa Jami'ar Rutgers ta New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, ya fi nisan Abuja zuwa Jidda. Yarinya za ta yi tafiyar da ta fi ta alhaji don wasan ƙwallon raga, ta dawo ta tarar da jarrabawa na jiranta. Wannan rashin tausayi ne.

Gasar jami'o'inmu ta gida, NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, ba ta ga irin waɗannan kuɗi ba tukuna. Yaya, ranar da suka zo, a karɓa da hannu biyu, amma kada a yarda a raba ABU da BUK. A gaida su Inna da duk masu ginin tukwane.

Ƙaninku na Amurka.