Ku Gyara Zama, 'Yan "Wa Ya Ci Kuɗin?"

Tun ban buɗe baki ba na hango ku kun karkace hula. An ce za a yi zancen shugabannin wata ƙungiyar sa-kai ta Armeniyawa, Malam Na-ƙi-yarda har ya fara lissafi da yatsu: nawa aka tara, nawa shugaba ya soke a aljihu, ƙanen matar wa aka naɗa ma'aji. Sannu, Malam, Allah ya huci zuciyarka. Na san ƙungiyar ci gaban garinku ce ta yi maka wannan illa, wadda aka kafa da kaɗe-kaɗe aka rufe da dambe a kan littafin rasit. Amma ka bari a kai aya tukuna.

Sunan ƙungiyar Birthright Armenia. Wata mata ce ta kafa ta a 2003, Edele Hovnanian, 'yar gidan masu harkar gine-gine a jihar New Jersey ta Amurka. Abin da ya dame ta a fili yake. Armeniya ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 3, amma Armeniyawan da ke waje sun fi na gida yawa. Kisan kiyashin da aka fara a 1915, a ƙarshen Daular Usmaniyya ta Turkiyya, shi ya watsa kakanninsu zuwa Halab da Beirut da Marseille da Buenos Aires da Los Angeles. Ita kuma ƙasar ta shafe wajen shekara 70 a cikin Tarayyar Sobiyet, sai a 1991 ta samu 'yancin kai. Aka wayi gari ga jikoki masu rantsuwa da dutsen Ararat, hotonsa rataye a falo, amma ba su taɓa taka Yerevan, babban birnin ƙasar, ba. Dutsen ma, don ku sani, yau a cikin Turkiyya yake.

"To sai ta kwashe su yawon buɗe ido," in ji Hajiya daga can baya, tana taɓe baki. Hajiya, ai da haka ne da ni ma na nemo kaka Ba'armeniya. Akwai shirin da ya riga wannan, na Yahudawa, wanda aka fara a 1999, mai kai matasa ziyarar kwana 10 kyauta. Sunayen sun yi kama, amma Edele ta ƙi bin wannan hanya. A nata shirin, matashi mai shekara 21 zuwa 32, wanda aƙalla ɗaya daga cikin kakanninsa Ba'armene ne, zai zo ya yi aikin awa 30 a mako: a makaranta, ko asibiti, ko gidan tarihi, ko kamfani, ko ofishin gwamnati, daidai da abin da ya karanta. Da yamma ga darasin harshe. Kwana kuma a gidan mutanen gari.

Ga wurin da na fi so, kuma ina so mai lissafi da yatsu ya kasa kunne. Kuɗin jirgi kai za ka biya da farko. Sai ka kammala wa'adinka sannan a mayar maka, wani kaso ko duka, gwargwadon daɗewarka, kuma sai ka rubuta abin da za ka ci gaba da yi wa ƙasar bayan ka koma. Wanda ya zo don ya ɗauki hoto a bakin tafkin Sevan ya gudu, aljihunsa ne zai yi kuka. Duk wanda ya tsara wannan doka ya san halin ɗan Adam, kuma da alama ya taɓa haɗuwa da irinku.

Ku kwatanta yaron da ya taso a Glendale ta wajen Los Angeles, inda ko ruwan sama baƙo ne, an sauke shi a Gumri cikin Janairu. Garin nan girgizar ƙasar 7 ga Disamba 1988 ta rugurguza shi, girgizar da ta kashe mutum kusan 25,000 a arewacin ƙasar, kuma shekaru da yawa bayanta akwai iyalan da ke zaune a ɗakunan kwano na wucin gadi. Da safe yaro ya kutsa cikin ƙaramar bas, gwiwarsa a haɓa. Da dare uwar ɗakinsa ta tula masa gurasar lavash, irin wadda ake manna wa a jikin tanderun ƙasa, da cuku da ganye, ya ce ya ƙoshi, ta ƙara masa. Ya buɗe baki ya yi Armeniyancin da kakarsa ta koya masa, yaran gida su tuntsire da dariya, domin nasa na Yamma ne, nasu na Gabas, har baƙaƙen ma ba a furta su iri ɗaya. In wannan ne yawon buɗe ido, Hajiya, to bismillah.

"Shugabannin fa? Suna can Amurka cikin sanyin na'ura suna ba da umarni ta waya." Ashe Malam bai gaji ba. Mutumin da aka danƙa wa ragamar aikin a cikin ƙasa, Sevan Kabakian, haifaffen Labanan ne, injiniyan jiragen sama a Los Angeles. A 2006 ya ajiye wannan aiki ya tattara ya koma Armeniya da zama. Wanda zai ce wa ɗan wani "zo ka gani", ya dace a same shi a can yana jira, ba a hoton kalanda ba. Mahaifin Edele ma, Hirair Hovnanian, wanda aka haifa a Iraƙi, yana cikin waɗanda suka kafa Armenian Assembly of America a 1972, kuma a Yerevan ya rasu a 2021.

Yanzu bari in ba ku naku, kada a ce na danne gaskiya. Shirin da ya jingina da aljihun gida ɗaya, ƙarfinsa da rauninsa a wuri guda suke. Ba a ɓata wata 6 ana gardamar launin tambari, gaskiya ne, amma kuma ba ƙuri'a aka kaɗa aka zaɓi kowa ba, kuma ranar da magada suka sauya ra'ayi sai an nemi wani bango. Sannan ba kowane ɗan sa-kai ne alheri ga wurin da aka tura shi ba. Wani kafin ya gane inda ake ajiye makulli wa'adinsa ya ƙare. A ganina ribar farko ta yaron ce, ƙasar tana cin tata daga baya, ta hannun waɗanda suka dawo suka zauna, suka yi aure, suka buɗe sana'a. Kuma Armeniyawa ba yara ba ne a zancen komawa gida. Daga 1946 gwamnatin Stalin ta gayyace su, dubun-dubata suka sayar da abin hannunsu suka shiga jirgin ruwa, a 1949 aka kwashi wasunsu zuwa Saiberiya. Jikokin mutanen da suka ga wannan ba a yi musu daɗin baki. Ina jin shi ya sa shirin bai ce wa kowa ya sayar da gidansa ba. Ka zo, ka yi aiki, ka koma, sauran kuma tsakaninka da zuciyarka.

Na ga Malam yana murmushi, wai shi ya tsira tunda duk danginsa babu Ba'armene. Kada ka yi saurin murna. Akwai 'yar'uwar wannan ƙungiya, Armenian Volunteer Corps, wadda aka kafa a 2000, suna aiki tare. Ita ba ruwanta da asalin kakanka, in dai ka kai shekara 21, kuma ba ta korar mai furfura. Ka je ka duba musu littafin rasit da idonka. Shawarata ɗaya ce: kai da kake sa riga uku da safa a hunturun Kano, ka roƙe su su kai ka Gumri a watan Yuli.