Gemu da Fankar Wuya a Hanyar Roni

Masana wasan golf, tun daga mutanen Sikotilan, waɗanda suka mayar da filin St Andrews ramuka goma sha takwas cikin 1764 har abin ya zama sunna ga duniya duka, zuwa kan aminina Alhaji, wanda ya koyo wasan a kulob ɗin Kano zamanin da yake aikin gwamnati, dukansu sun yi ijma'i a kan sharaɗi guda wanda bugu ba ya inganta sai da shi, watau mai bugu ya sunkuyar da kai, ya kafa wa ƙwallo ido, kada ya ɗago sai ta tashi. Ni ba ni ja da ijma'i. Abin da nake roƙo a ƙara a hashiyar wannan hukunci, tun raɗaɗin jiya bai bar haɓata ba, shi ne a togace mai gemu idan yana rataye da fanka a wuya.

Alhaji dai tun da ya yi ritaya ya komo Kazaure, ya ga Kano da rata, Dutse kuwa, inda marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya shimfiɗa filin golf na sosai, ta fi rata, sai ya haƙa ramuka uku a gonarsa ta hanyar Roni, yana wasa tun daga kaka har saukar damina. Ciyawa babu. Kewayen kowane rami rairayi ne aka cakuɗa da baƙin mai aka daɓe, yadda Turawa suka riƙa yi a filayen Arewa saboda ƙarancin ruwan ban ciyawa, amma faɗin ramin inci huɗu ne da kwata cif, domin Alhaji ba ya yarda da bidi'a. Jiya kuwa da muka tafi can wasa, ni da shi, mun makara, ba mu isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi, a cikin watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, duwatsun Kazaure kuma suka fara amayar da wutar da suka haɗiya. Illar irin wannan zafi ga mai golf sananniya ce: gumi ya jiƙa tafin hannu, sanda ta riƙa santsi, mutum ya ƙara damƙa don tsoron kada ta kuɓuce, damƙar ta sandarar da wuyan hannu, bugu ya karkace. Maganin Alhaji malafa da jiƙaƙƙen tawul. Nawa maganin kuwa fanka ce da na saya hannun wani yaro mai talla a cunkoson motoci a Kano, irin wadda ake rataya wa wuya, kowane ƙarshe da 'yar farfela a cikin raga, ana yi mata caji yadda ake yi wa waya, maɓallinta ɗaya tak.

Alhaji ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce ƙa'ida ba ta hana mutum ya sanyaya jikinsa ba, haka nan ba ta hana mutanen ƙasashen sanyi ɗumama hannuwansu ba. Abin da ta haramta shi ne ɗumama ƙwallon kanta da gangan, domin mai ɗumi ta fi yin nisa. Ya ƙara da cewa idan iska ta fi fatar mutum zafi, watau ta wuce wajen digiri 35, fanka ba ta da wata fa'ida sai fatar tana jiƙe, in ba haka ba wuta take hura maka. Na yayyafa wa wuyana ruwa, na kunna ta a lamba ɗaya. Adalci ya wajabta in yi mata shaida: a rami na farko hannuna bai yi santsi ba, idona bai sha gishirin gumi ba, har na fara tsara nasihar da zan yi wa Alhaji game da malafa.

A rami na biyu na ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinkenta, na gyara tsayuwa, na sunkuyar da kai bisa ijma'i, na ja sanda baya.

To, duk wanda ya taɓa jan sandar golf baya da hannun dama ya san cewa kafaɗar hagu takan shigo ƙarƙashin haɓa, kuma haka ake so; abin da ba a rubuta a kowane littafi ba shi ne, idan akwai farfela zaune a kan wannan kafaɗa, to kafaɗar za ta ɗago ta, alhali kuwa sunkuyon ya riga ya saukar da gemu, sai su gamu a tsakiya ba da shawarar mai su ba. Na kwana ina maimaita wannan ɗan taƙaitaccen lokaci, ina rarraba shi babi babi. Da fari na ji muryar fankar ta sauya, daga shuuu ta koma wani gurnani na mai cin abin da ya fi ƙarfin haƙoransa. Sa'an nan na ji ɗan ja mai ladabi, wanda har na zaci ƙuda ne. Sa'an nan ta shiga naɗe gemun kamar yadda mazari ke cin auduga a hannun tsohuwa mai kaɗi, sili bayan sili, tana hawowa zuwa tushe, tana jawo haɓata zuwa kafaɗa, har fuskata ta juya tana duban Gwiwa, alhali ƙwallo tana nan gabas.

A nan ne mas'alar take. Ƙa'ida ta ce wanda ya fara sauke sanda, sa'an nan ya tsayar da ita da kansa kafin ta kai ga ƙwallo, ba a lissafa masa bugu. Da na tsaya, da gemu kaɗai na yi hasara. Amma hannu ba ya jiran fatawa. Sanda ta sauko da dukan ƙarfina, ta wuce saman ƙwallo da kusan taƙi guda, ta rabu da hannun nan da fanka ta busar mini sarai, ta yi sama tana walƙiya, ta sauka gindin wani gawo, awakin da ke shan inuwa suka watse. Ƙwallo ko motsi ba ta yi ba.

Na kai hannu na danna maɓalli. Allah ya jiƙan masu yin fitilar ƙwai, wadda in ka murɗa lagwani ƙasa ta mutu. Wannan na'ura, wanda ya tsara ta ya hukunta cewa ba a zuwa ga kashewa sai an bi ta lamba biyu da lamba uku, bisa tartibi, ba tsallake. Dannawar farko ta kai ni lamba biyu, na yi salati. Ta biyu ta kai ni lamba uku, na durƙusa, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Sauran dannawa ɗaya tak in tsira, sai ga Alhaji ya iso a guje da niyyar taimako, ya ture hannuna, ya danna sau biyu a jere saboda himma: ta mutu, na buɗe baki in yi hamdala, ta tashi a lamba ɗaya. Da gashi ya cika ta kuwa sai ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, ta tsaya cik ta huta, in na saki numfashi ta sake fizga, ta tsaya, ta fizga.

Ana cikin haka sai muka ji sallama. Wani dattijo ne a kan keke, da kwandon kaji a baya, ashe tun rami na farko ya tsaya bakin hanya yana kallon manya biyu suna bin ƙwai a gona da rana tsaka. Ya jingine kekensa a hankali, ya tako, ya sunkuya ya duba haɓata da natsuwar likita.

Ya ce, "Sannu, Alaramma. Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Na yi gyaran rediyo a Babura shekara da shekaru. A cire batirin a juya shi, kai ya koma gindi, sai ta yi baya, ta mayar maka da kayanka yadda ta karɓa."

Na rantse ko a cikin wannan hali sai da na yaba ƙiyasin, domin yana da asali; ƙananan injuna na da, masu batir biyu, sukan juya baya idan an juya musu wuta. Sai dai illar hukuncin ba ta cikin reshe, gama batirin wannan a liƙe yake cikin cikinta, ba ƙofa ba murfi. Yaron Alhaji mai ɗaukar jaka ya gaya masa haka. Dattijo ya girgiza kai don takaicin kayan zamani, ya yi shiru, sa'an nan fuskarsa ta washe.

"To, tun da ita ba ta juyuwa, kai ka juya. Tana naɗi ta dama, kai ka riƙa zagayawa ta hagu, da sauri, ka fi ta gudu. Dole ta warware."

Alhaji ya ce, "Baba, ai a wuyansa take."

Ya ce, "Shi ya sa na ce da sauri."

Mai karatu yana zaune cikin inuwa, gemunsa a sake, yana iya ganin ɓacin wannan hujja nan take, ya ce abin da ke rataye a wuyanka tare za ku juya. Ni ma yau ina gani. Jiya kuwa, da kunnena manne da kafaɗa, hawaye na zuba ta ido ɗaya, na miƙe na shiga zagaye a tsakiyar gonar Alhaji, riga tana bazuwa, ƙura tana tashi, dattijo yana tafa hannu yana ba ni lokaci, yana cewa, "Ƙara wuta, Alaramma, ta kusa!" Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya. Wani mai babur ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Ɗaya daga cikin matan ta tambaya ko bori ne, dattijo ya amsa mata da cewa a'a, gyara ne. Na zagaya har duwatsu suka bi ni suna zagayawa, na faɗi zaune kusa da ƙwallon, wadda har yanzu tana bisa tsinkenta.

Ya ce, "Ka tsaya da wuri. To, saura haƙuri. A bar ta ta cinye cajinta." Sai na tuna mai tallar ya rantse mini da girman Allah cewa tana wuni.

Yaron ne ya danna sau uku a tsanake, ba wanda ya sa shi, sa'an nan ya ciro reza daga aljihun jaka. Dattijo ya ba da shawara a yanke fankar a bar gemun. Ba a bi ba. Ɓangaren hagu ya tafi, na dama yana nan cikakke, Jumma'a kuwa jibi.

Alhaji ya ciro katinsa na lissafi ya ce yunƙurin nan bugu ne cikakke, tun da niyya ta tabbata kuma sanda ta wuce ƙwallo. Ya daɗe yana nazarin ko a ɗora mini tarar bugu biyu, wadda ke kan wanda ya nemi shawara wurin wani ba mai ɗaukar jakarsa ba, daga bisani ya yi mini rangwame bisa dalili biyu: ban nema ba, kuma shawarar ta gemu ce, ba ta bugu ba. Dattijo ya roƙi a ba shi fankar da gashin da ke ciki, zai buɗe ta a gida ya juya batirin don ya nuna mana. Yana ɗaure ta a jikin kwandon kaji, Alhaji ya ce, "Baba, rediyoyin da ka juya wa batir a Babura, sun yi baya kuwa?"

Ya hau kekensa, ya ce, "Sun dai yi shiru."